Maradona da Tiyatar Rage Tumbi: Abin da Wuƙar Likita Ta Gyara da Abin da Ta Bari

Ranar 25 ga Yunin 1994, a filin wasa na Foxborough da ke kusa da birnin Boston a Amurka, Samson Siasia ya zura wa Ajantina ƙwallo tun ba a cika minti goma da take wasa ba. Claudio Caniggia ya farke, ya ƙara ta biyu, aka tashi 2-1. Da aka busa tashi sai wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo fili, ta riƙe hannun Diego Maradona, suka fita tare yana ta murmushi, za a kai shi gwajin fitsari. Daga ranar bai sake buga wa ƙasarsa wasa ba.

Abin da aka samu a fitsarinsa shi ne efedirin, sinadarin da ke kashe sha'awar abinci ya kuma ƙara wa zuciya gudu. A wancan zamanin ana zuba shi a cikin kayan rage ƙiba da ake sayarwa a kanti, kafin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta irin waɗannan kaya a 2004. Maradona ya sha wahalar atisaye ya rage nauyi sosai kafin gasar, kuma a cewarsa mai kula da atisayensa ne ya sayo masa abin da ya sha. An kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15. Maganar da ya yi a lokacin ta zaga duniya: ya ce an yanke masa ƙafafu.

Mutane sun riƙe wannan rana a matsayin labarin shan ƙwaya. Ni kuwa ina ganin ta a matsayin shafin farko na labarin mutumin da ya yi kusan rabin rayuwarsa yana kokawa da nauyin jikinsa, har aka kai ga yi masa tiyatar tumbi sau biyu. Lamarinsa ya dace da nazari saboda komai ya faru a idon duniya, da ranakunsa da wurarensa, kuma ya nuna fuskoki biyu na wannan tiyata: irin ƙarfin da take da shi, da iyakar inda ƙarfin ya tsaya.

Jikin da aka kai asibiti

An haifi Maradona ranar 30 ga Oktoban 1960, ya tashi a Villa Fiorito, unguwar marasa galihu a gefen Buenos Aires. Gajere ne, tsayinsa mita 1.65, mai kaurin cinya da faɗin ƙirji, irin jikin da muddin aka daina gudu sai ya fara tara kitse. Ya daina buga ƙwallo a watan Oktoban 1997 yana Boca Juniors, kuma ya fita fili ɗauke da jarabar hodar iblis wadda ta riga ta jawo masa dakatarwa a 1991 lokacin yana Napoli.

A watan Janairun 2000 ya yanke jiki ya faɗi a Punta del Este ta ƙasar Yurugwai, likitoci suka tarar zuciyarsa ta taɓu. Daga nan ya wuce Kyuba neman magani, ya daɗe a Havana. A watan Afrilun 2004 aka sake kwasarsa ranga-ranga zuwa wani asibiti a Buenos Aires, aka kwantar da shi a ɗakin gobe-da-nisa, na'ura na taimaka masa numfashi, dubban magoya baya sun yi cirko-cirko a ƙofar asibitin suna addu'a. Shekarunsa 43 kacal.

Farkon 2005 nauyinsa ya haura kilo 120. Likitoci na da wani awo da suke kira BMI, wanda ake samu idan an raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 ake ɗauka daidai, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce ta cuta. Mai tsayin Maradona, idan ya kai kilo 68 ya taɓa iyakar 25. Shi kuwa lissafinsa ya kai 44, wato yana yawo da kilo 50 da ɗoriya da ba nasa ba, buhun siminti guda ke nan, a kan zuciyar da ta riga ta kasa sau biyu.

Ƙa'idar da ake bi a lokacin ita ce wadda cibiyoyin lafiya na Amurka suka fitar a 1991: a yi wa mutum tiyata idan awonsa ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta tare da ƙibar, kamar ciwon suga ko ciwon zuciya ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. Ta fuskar awo, Maradona ya cika sharaɗi har ya wuce. Amma akwai sharaɗi na biyu da ba a auna shi da sikeli. Likitocin wannan fanni ba sa son taɓa mutumin da ke cikin shaye-shaye, domin bayan tiyata ana bukatar wanda zai bi doka ƙwarai a kan abin da yake sa wa a baki. Maradona da kansa ya faɗa a talabijin a watan Mayun 2007 cewa shekara biyu da rabi ke nan rabonsa da ƙwaya. Idan aka ƙirga baya, za a ga watanni kaɗan ne tsakanin barinsa hoda da hawansa gadon tiyata. A ganina wannan ɗan tsakanin shi ne gaɓar da ta fi kowace rauni a duk lamarin. Sai dai kuma wanda zai ce a jira shekara biyu ko uku, ya tuna da irin zuciyar da ake cewa ta jira.

Abin da aka yi masa a Cartagena

A farkon watan Maris, 2005, a wani asibiti a birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya, aka yi masa tiyatar da ake kira baifas, wato karkatar da hanyar abinci. Mutane da yawa na zaton kitsen teɓa ake yankewa a zubar. Ba a taɓa kitsen ko kaɗan. Likita na raba saman tumbi ne ya fitar da 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba, wadda ke ɗaukar kimanin cokali biyu na ruwa. Sai ya yanke ƙaramin hanji, ya jawo ɓangaren ƙasa ya ɗinke shi a jikin jakar. Ragowar tumbin na nan a ciki, yana ci gaba da fitar da ruwan narkar da abinci, amma abinci ya daina bi ta cikinsa, sai can ƙasa suke haɗuwa.

Asalin dabarar daga Edward Mason ne, likitan tiyata a Jami'ar Iowa, wanda ya fara ta a 1966. Ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani ɓangare na tumbi sukan rame su kasa mayar da jiki, sai ya ce abin da ya zama matsala ga ramamme zai iya zama magani ga mai ƙiba. Daga shekarun 1990 aka fara yin ta ta ƙananan huji a ciki da taimakon kyamara, maimakon a farke cikin gaba ɗaya. Yau wadda aka fi yi a duniya ita ce 'yar'uwarta ta tsuke tumbi, inda ake cire kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin a bar shi siriri kamar ayaba.

An daɗe ana ɗauka cewa sirrin tiyatar shi ne ƙanƙantar mazubi: ciki ya tsuke, dole a ci kaɗan. Daga baya aka gane abin ya fi haka zurfi. Tumbi da hanji suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta hanyar sinadarai, wasu na cewa yunwa, wasu na cewa an ƙoshi. Idan abinci ya faɗa ƙasan hanji da wuri, sinadarin ƙoshi da ake kira GLP-1 yakan yi tashin gwauron zabo, shi ne ma wanda alluran suga da rage ƙiba irin su Ozempic suke kwaikwayo. Shi ya sa wanda aka yi wa tiyatar ba daurewa kawai yake yi ba, yunwar ce da kanta take ja da baya, kuma shi ya sa sugan wasu masu ciwon suga ke sauka cikin kwanaki, tun kafin su rage wani nauyin kirki. Wannan bayani na da muhimmanci ga duk mai ganin ƙiba ragwanci ce ko kwaɗayi. Mutumin da ya ɗauki tawagar ƙasa a wuyansa har ta ci kofin duniya a Meziko a 1986 ba za a ce masa rago ba. Jikin ɗan Adam na kare kitsen da ya tara kamar yadda uwa ke kare ɗanta: da zarar nauyi ya fara sauka ta hanyar rage ci, sai yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu, har sai abin da ya tafi ya dawo.

Likitan Maradona ya ce zai yi wata uku a kan abinci mai ruwa-ruwa. Sakamakon ya zo da sauri har ya ba mutane mamaki. Ranar 15 ga Agustan 2005, wata biyar da 'yan kwanaki bayan tiyata, Maradona ya buɗe shirinsa na talabijin a Ajantina, baƙonsa na farko Pele, su biyun suka tsaya suna miƙa wa juna ƙwallo da ka. Wanda ya ga hotonsa na 2004 da wuya ya yarda mutum ɗaya ne. Kafin shekara ta zagayo ya zubar da kimanin kilo 50. A watan Mayun 2006 ya buga wasan tara kuɗin agaji a Old Trafford.

Da a nan labarin ya tsaya, da hoton biyu kawai za a manna, na da da na yanzu, kamar yadda masu tallar asibitoci ke yi.

Shekara biyu bayan nan

A ƙarshen watan Maris, 2007, aka sake kwantar da shi a Buenos Aires. Wannan karon ba zuciya ba ce, hanta ce ta kumbura saboda barasa. An sallame shi ranar 11 ga Afrilu, bayan kwana biyu aka mayar da shi. Jita-jitar mutuwarsa ta yi ta yawo, har aka kai shi wani asibitin ƙwaƙwalwa da ke kula da masu matsalar giya, inda ya zauna zuwa 7 ga Mayu.

Tiyata ba ita ta koya wa Maradona sha ba, ya san kwalba tun kafin Cartagena. Abin da tiyatar ke yi shi ne sauya yadda giya ke shiga jiki. A cikin mutumin da ba a taɓa ba, tumbi na riƙe abin da aka sha ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Bayan baifas babu wannan ƙofa, giyar na zarcewa hanji kai tsaye, ta hau jini cikin 'yan mintuna, ta kuma kai matakin da ya fi na da nesa ba kusa ba. Kofi biyu sai su yi aikin huɗu. Kuma duk abin da ke bugar da mutum da sauri ya fi saurin kama shi.

A 2005 ba a gama tantance wannan haɗari da alƙaluma ba. Sai a 2012 wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka a kan mutum kusan 2,000 ya nuna cewa masu alamun matsalar giya sun tashi daga kashi 7.6 cikin ɗari kafin tiyata zuwa 9.6 a shekara ta biyu. A shekarar farko ba a ga ƙari ba, sai a ta biyun. Da aka ci gaba da bibiyarsu, rahoton 2017 ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa baifas ba su da matsalar tun farko, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya nuna alamunta kafin shekara biyar. Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne maza, da masu shan taba, da masu shan giya a kai a kai tun kafin tiyata, da waɗanda suka taɓa harka da ƙwaya. Mai karatu ya jera waɗannan kusa da tarihin Maradona, ya kuma duba cewa faɗuwarsa ta zo ne shekara biyu da 'yan makonni bayan tiyatar.

Akwai wani abu kuma da alƙaluma suka taɓo. Wani bincike da aka yi a jihar Utah, aka wallafa a 2007, ya samu cewa mutuwa ta ragu da kashi 40 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa baifas idan aka gwada su da masu irin ƙibarsu da ba a yi wa ba, amma mutuwa ta hanyar haɗari da kisan kai ta ƙaru da kashi 58. Mutumin da abinci ya zame masa wurin fakewa idan rai ya ɓaci, ranar da aka rufe masa wannan ƙofa damuwar ba ta tafi ko'ina ba. Shi ya sa asibitin kirki ba ya sallamar majinyaci da likitan tiyata kaɗai, yakan haɗa shi da masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa, na tsawon shekaru. Maradona kuwa an yi masa tiyata a wata ƙasa, yana zaune a wata, rayuwarsa kuma ta jirgi ce da biki da taron mutanen da ba su saba ce masa a'a ba.

Ya farfaɗo daga wannan ma. Ƙarshen 2008 aka ba shi horar da tawagar Ajantina, kuma ranar 12 ga Yunin 2010 'yan Nijeriya suka sake ganinsa a Ellis Park na Johannesburg, sanye da kwat mai ruwan toka, yana kai-komo a bakin fili, ranar da Gabriel Heinze ya ci ƙwallo ɗaya tilo, Vincent Enyeama kuma ya hana Messi sakat. Jiki ya ɗan dawo, amma mutum ne a tsaye da ƙafafunsa, yana aiki, shekara shida bayan an fitar da rai da shi.

Dawowar nauyi

A hankali ƙibar ta ci gaba da dawowa, har a watan Nuwamban 2015 aka sake yi masa tiyata a birnin Maracaibo na ƙasar Benezuwela domin gyara ta farkon. Masu sukar tiyatar sukan kafa hujja da irin wannan su ce ai ga shi nan, aikin banza ne. Alƙaluma ba su goyi bayansu ba. Bincike mafi tsawo a kan lamarin shi ne wanda aka fara a Siwidin a 1987, inda aka bi mutum 2,010 da aka yi wa tiyata da wasu 2,037 da aka bari a kan magani na yau da kullum. Masu baifas sun rage kimanin kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara 10 kuma ragin ya tsaya a kashi 25. Wato dawowar wani abu daga cikin nauyin ita ce al'ada, ba abin mamaki ba ce. Waɗanda ba a yi wa tiyata ba kuwa nauyinsu kusan bai motsa ba duk tsawon shekarun. A 2020 masu binciken suka fitar da lissafin da na fi ganin gaskiyarsa: waɗanda aka yi wa tiyata sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara 3, amma har yanzu suna ƙasa da sauran jama'a da shekara 5 da rabi. Magani ne na gaske, mai ƙara kwana bisa sababi, amma ba ya goge ɓarnar da aka riga aka yi wa zuciya da jijiyoyi.

Nauyi na dawowa ta hanyoyi da aka sani. Jakar da mahaɗarta da hanji sukan saki da tafiyar lokaci. Abin sha mai zaƙi da giya suna wucewa ba tare da sun cika jakar ba, haka ma ɗan ciye-ciye na yini guda. Ga kuma jiki da ke ta jan mutum zuwa inda ya fito.

A nan ne lamarin ya taɓa mu kai tsaye, domin masu hali daga cikinmu sukan tafi Indiya ko Masar ko Dubai ko Turkiyya a yi musu aiki, su dawo gida bayan mako biyu da takarda a hannu, babu likitan da ya san da zamansu. Haɗarin mutuwa a tiyatar kanta ya ragu sosai, a manyan cibiyoyi bai wuce mutum 1 ko 2 cikin 1,000 ba, har a 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta ƙa'ida zuwa awo 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Abin da ke biyo baya ne ke bukatar mai kula. Wanda aka yi wa baifas zai sha bitamin har ƙarshen rayuwarsa, musamman B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, domin bayan tiyatar jiki ba ya tsotse su yadda ya kamata, kuma ƙarancinsu na kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyi da raunin ƙashi. Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da tunani ba, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna iya huda masa gyambo a daidai wurin ɗinkin, haka ma taba. Shayi mai suga da yawa ko lemon kwalba na iya sa shi jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa nan take. Azumin watan Ramadan a shekarar farko magana ce da sai an zauna da likita, saboda mai ƙaramar jaka ba ya iya kwankwaɗar ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba. Mace kuma akan ce ta dakata da ɗaukar ciki na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda zai ce shi ba ya shan giya, don haka darasin Maradona bai shafe shi ba, ya sani cewa bibiyar da aka yi a Amurka ta ga ƙaruwar amfani da magungunan kashe zafi masu sa maye ma bayan tiyata, dangin tiramadol da kodin da muka san irin ɓarnarsu.

Karo na uku da Nijeriya

Ranar 26 ga Yunin 2018, a Saint Petersburg ta Rasha, Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fanareti, Marcos Rojo ya fitar da Nijeriya saura minti huɗu a tashi. Kyamara ta yi ta komawa kan Maradona a wurin manyan baƙi, yana rawa, yana ihu, wani lokaci kuma idonsa a rufe. Bayan wasa sai da aka rirriƙe shi aka fitar da shi daga mazauninsa, ma'aikatan lafiya suka duba shi. Mutane da yawa sun yi dariya a Facebook da Twitter a daren. Abin da aka gani mutum ne mai shekara 57 da jikinsa ke gaya wa kowa halin da yake ciki.

A watan Janairun 2019 gwaji ya nuna jini na zuba a cikinsa, aka yi masa aiki. Ranar 30 ga Oktoban 2020, ranar da ya cika shekara 60, ya shiga filin kulob ɗin Gimnasia da yake horarwa a La Plata, mutum biyu na tallafe da shi. Bayan kwana uku aka kwantar da shi da ƙarancin jini da ƙarancin ruwa a jiki da damuwa, kuma biyun farko suna cikin abubuwan da ake sa ido a kansu ga duk wanda aka karkatar wa hanji. Hoton kai ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, aka yi masa tiyata ranar 3 ga Nuwamba. Likitocinsa sun ce ruɗewar da ya yi bayan aikin ta rashin abin da jiki ya saba da shi ce. Aka mayar da shi wani gida a yankin Tigre domin ya yi jinya.

A can ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 2020, shekara 15 da wata 8 bayan Cartagena. Binciken gawa ya nuna ruwa ne ya cika masa huhu saboda gazawar zuciya ta tsawon lokaci. Ba a sami giya ko hodar iblis a jininsa ba. Hantarsa ta ƙandare, ƙodarsa ta taɓu, zuciyar kuma da aka ɗora ta a sikeli ta kai giram 503, kusan ninkin ta mutum mai lafiya.